Giya a Bakin Mahaddacin Alƙur'ani: Fashin Baƙi kan Waƙoƙin Sufayen Farisa

A birnin Shiraz da ke kudancin ƙasar Iran ta yau an yi wani sha'iri a ƙarni na 14 na Miladiyya mai suna Shamsuddin Muhammad, wanda duniya ta fi sani da laƙabin Hafiz saboda ya haddace Alƙur'ani, har ma ya faɗa a wani baiti nasa cewa yana karanta shi da ka a ruwayoyi goma sha huɗu. Sai dai duk wanda ya buɗe diwaninsa, waƙar da zai fara cin karo da ita kira ce ga mai zuba giya da ya zagaya da ƙoƙo ya miƙo, kuma kafin a yi nisa a cikinta sha'irin ya ce idan dattijon mashaya ya umarce ka da ka rina dardumar sallarka da giya, to ka rina. Mutumin da ya tashi a makarantar allo, ya san hukuncin giya tun bai kai izu goma ba, dole ne ya yi turus a nan. Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne wannan diwani ba a ɓoye ake karanta shi ba. A gidajen Iraniyawa da yawa kusa da Alƙur'ani ake ajiye shi, malamai sun yi masa sharhi iri-iri, kuma sunan girmamawa da ake kiran mai shi da shi shi ne Lisanul Gaibi, wato harshen gaibu.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce giyar ba ta mashaya ba ce, son Allah ake nufi. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta yi gajarta, domin ba ta faɗi dalilin da ya sa bayin Allah masu tsantseni suka zaɓi kalmomin haram don su bayyana abu mafi tsarki ba, kuma tana sa mutum ya ɗauka cewa duk sha'iran Farisa bakinsu ɗaya, alhali ba haka ba ne.

Larabawa sun ci daular Farisa da yaƙi a ƙarni na 7, kuma aka yi kusan shekara ɗari biyu Larabci ne harshen rubutu da ilimi a can. Daga ƙarni na 9 zuwa na 10 Farisanci ya sake ɗagowa cikin sabuwar riga: ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci, kamar yadda aka yi ajami a ƙasar Hausa, ya cika da kalmomin aro daga Larabci, karin waƙarsa ma aka ɗora shi a kan ma'aunin aruli. Gidan sarautar Samaniyawa da ke Bukhara ne ya fara ɗaure wa wannan adabi gindi, kuma babban sha'irinsu shi ne Rudaki, wanda ya rasu wajen shekara ta 940. Waƙoƙin wancan zamani na fada ne: kirarin sarki, farauta, shigowar bazara, lambu, kyakkyawar fuska, da giya wadda babu wani tawili a cikinta, domin sarakuna da fadawansu suna shan ta. A daidai wannan lokaci kuma yankin Khurasan da maƙwabtansa ne cibiyar ilimin addini. Imamul Bukhari ɗan Bukhara ne, Imamu Muslim ɗan Naisabur, Gazali ɗan Ɗus, kuma Ƙushairi, mai shahararriyar Risala ta tasawwufi, a Naisabur ya zauna har rasuwarsa a 1072. Fada da zawiya suna gari ɗaya, harshensu ɗaya, don haka babu yadda za a yi kalmomin wannan su ƙi tsallakawa zuwa wancan.

Mahaɗar ita ce majalisin sama'i, inda sufaye ke zama a rera musu baitoci domin zukatansu su motsa. Mai rerawa yakan ɗauko baitin soyayya da aka tsara domin wata mace ko wani basarake, amma muridin da ke zaune yana jin kalmar rabuwa sai ya tuna nisansa da Ubangijinsa, yana jin kalmar saduwa sai ya fashe da kuka. An san Abu Sa'id bin Abil Khair, wanda ya rasu a 1049, da yawan kawo irin waɗannan baitoci a majalisinsa. Gazali ma ya keɓe wa sama'i babi guda a cikin Ihya'u, inda ya bayyana cewa hukuncin ya danganta da halin mai saurare da kuma inda ya kai ma'anar abin da ya ji. Ke nan, da farko masu saurare ne suka juya ma'anar, daga baya sha'irai suka fara tsara waƙa da niyyar a ji ta ta wannan fuska. Wanda ake ɗauka a matsayin mabuɗin wannan ƙofa shi ne Sana'i na birnin Gazna a Afganistan ta yau, wanda ya rasu wajen 1131. Ya fara da wasa sarakuna, sannan ya juya ga wa'azi da zuhudu, ya tsara Hadiƙatul Haƙiƙa, doguwar waƙa ta karantarwa da ta zama abin koyi ga waɗanda suka biyo baya.

Idan aka tone gindin wannan adabi, ayoyi ne ake tararwa, kuma akwai guda uku ko huɗu da kusan komai ke komawa gare su. Babbarsu ita ce aya ta 172 ta Suratul A'araf, inda Allah ya fitar da zuriyar Adamu ya tambaye su, "Alastu bi Rabbikum", wato ashe ba Ni ne Ubangijinku ba, suka amsa da "Bala", wato ƙwarai kuwa. Sha'iran Farisa sun ɗauki kalmar farko ta tambayar suka mayar da ita sunan rana, suna cewa ranar Alastu. A fahimtarsu, a wannan rana ce rai ya ji muryar Ubangijinsa, ya bugu da daɗinta, kuma duk wani shauƙi da ɗan Adam ke ji a duniya ɓurɓushin wannan buguwa ne. Saboda haka idan sha'iri ya ce shi bugagge ne tun azal, ya riga ya gaya wa mai ilimi cewa ba ruwan inabi yake nufi ba, tun da a azal babu inabi. Sha'irin Misira Ibnul Farid, wanda ya rasu a 1235, ya faɗi irin wannan da Larabci a ƙasidarsa ta Khamriyya, inda ya ce sun sha giyar da ta bugar da su tun kafin a halicci itacen inabi. Akwai kuma aya ta 72 ta Suratul Ahzab, ta amanar da aka bijiro wa sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, mutum ya ɗauka. Malaman tafsiri da yawa sun fassara amanar da wajibai da hani, su kuwa sha'irai suka ce ishƙi ne, wato tsananin so, har Hafiz ya ce sama ta kasa ɗaukar kayan, sai ƙuri'a ta faɗa a kan mahaukaci irinsa. Daga aya ta 54 ta Suratul Ma'ida, mai cewa Yana son su suna son Sa, suka fahimci cewa son Allah ga bawa shi ne ya riga son bawa ga Allah. Abin sha mai tsarki da Suratul Insan ta ce Ubangiji zai shayar da 'yan Aljanna kuwa, shi ya ba su damar kiran Allah da mai shayarwa.

Fariduddin Aɗɗar na Naisabur, mai sayar da magani da turare kamar yadda laƙabinsa ya nuna, wanda ake kyautata zaton ya rasu lokacin da Mongolawa suka ragargaza garin a 1221, shi ne ya fi kowa iya mayar da darasin tarbiyya labari. Sunan littafinsa Manɗiƙuɗ Ɗairi daga Suratun Namli ya fito, inda Annabi Sulaimanu ya ce an sanar da su maganar tsuntsaye, kuma jagoran tafiyar shi ne alhudahuda, manzon Annabi Sulaimanu zuwa Saba'u. Tsuntsayen duniya suka taru suna neman sarki, alhudahuda ya ce musu suna da sarki mai suna Simurg a bayan dutsen Ƙaf, amma hanyar tana da nisa. Nan fa kowa ya fara kawo uzuri, kuma a nan ne basirar Aɗɗar ta fi fitowa, domin ba fasiƙai kaɗai ya zana ba. Shaho ya ce matsayinsa a hannun sarki ya ishe shi, mujiya ta ce ba za ta bar kangon da take zaton akwai taska a ciki ba, ɗawisu ya ce shi Aljannar da aka fitar da shi kawai yake son komawa, ita kuwa agwagwa ta ce babu wanda ya kai ta tsarki, tun da kullum cikin wanka da alwala take, a kan ruwa ma take shimfiɗa dardumarta. Duk wanda ya taɓa zama da mai waswasin tsarki, wanda zai ƙarar da buta biyu liman ya sallame bai gama alwala ba, ya san wannan agwagwa. Abin da Aɗɗar ke nufi shi ne ibada da son Aljanna su ma suna iya zama shamaki idan mutum ya tsaya a kansu ya manta da Wanda ake yi domin Sa.

Waɗanda suka tashi sai da suka ƙetare kwari bakwai: na nema, na ishƙi, na ma'arifa, na wadatuwa daga komai, na tauhidi, na ɗimuwa, sannan na talauci da fana'i, wato gushewar jin kai gaba ɗaya a gaban Allah. Abin lura shi ne ɗimuwa bayan tauhidi ta zo, ba kafinsa ba, wato a wurin Aɗɗar wanda ya fi kusa shi ya fi rasa abin cewa. Dubban tsuntsaye suka halaka a hanya, talatin kaɗai suka isa, fukafukai a ƙone. Da aka yaye musu labule sai suka ga kansu, domin a Farisanci "si" talatin ne, "murg" kuwa tsuntsu, Simurg ke nan tsuntsu talatin. Wannan wasa da kalma ba ya fassaruwa zuwa wani harshe, kuma shi ne wurin da masu suka suka fi kafa hujja, suna cewa an haɗe bawa da Ubangiji. Amma Aɗɗar ya kawo misalin madubi da na inuwar da ta ɓace cikin rana, wato abin da suka gani iyakar abin da idonsu zai iya ɗauka ne, ba zatin sarkin ba.

A cikin wannan littafi akwai labarin da ya fi kowane tayar da hankali, na Shehu San'an, wanda ya shekara hamsin a Makka yana da muridai ɗari huɗu. Ya je ƙasar Rum, ya ga wata budurwa Kirista, hankalinsa ya gushe, har ya sha giya, ya ɗaura zunnar, wato ɗamarar da waɗanda ba Musulmi ba ke ɗaurawa a wancan zamani, ya yi mata kiwon aladu shekara guda. Muridai suka watse suka koma Makka, sai wani daga cikin almajiransa da bai halarci abin ba ya yi musu faɗa a kan gudun shehinsu a ranar da ya fi bukatarsu. Suka koma suka duƙufa da addu'a kwana arba'in, har aka yi bushara a mafarki da ceton Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shehin ya farfaɗo ya tuba, budurwar ma ta biyo shi ta musulunta ta cika. Aɗɗar da kansa ya yi wa mai karatu kashedi cewa kowa yana da nasa aladun a cikin ƙirjinsa. A ganina abin da aka rusa a labarin shi ne jin kai na shekara hamsin, wanda sallar dare ba ta iya rusawa ba sai da abin kunya ya zo.

Jalaluddin Rumi, wanda Farisawa ke kira Maulawi, Turkawa kuma Maulana, an haife shi a 1207 a yankin Balkh, iyalinsa suka yi ƙaura zuwa yamma a shekarun da guguwar Mongolawa ke tasowa, suka yada zango a Konya ta ƙasar Turkiyya ta yau. Masu yaɗa maganganunsa a Facebook ba su cika sanin cewa malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafiyya, mai ba da fatawa da karantarwa, ɗan babban malami ba. A 1244 wani baƙon sufi mai zafin harshe, Shamsuddin na Tabriz, ya sauka a garin, kuma haɗuwarsu ta sa Rumi ya jingine darasi ya shiga wani hali da ya fusata almajiransa. Bayan 'yan shekaru Shamsu ya ɓace ba a sake ganinsa ba, kuma daga wannan rashi ne waƙa ta ɓalle wa Rumi, har ya bar gazal, wato gajerun waƙoƙin bege, fiye da 3,000, da yawansu ya rufe su da sunan Shamsu maimakon nasa. Daga baya ya yi shiftar Masnawi ga almajirinsa Husamuddin, juzu'i shida, baitoci fiye da 25,000. Kalmar masnawi sunan tsari ne, wato waƙa 'yar ƙwar biyu wadda kowane baiti ke da amsa-amonsa na kansa, abin da ke ba sha'iri damar yin tafiya mai nisa ba tare da ƙafiya ta ƙare masa ba.

Masnawi ta buɗe ne da kukan sarewa. Rumi ya ce a saurari sarewa tana ba da labarin rabuwa, tana cewa tun da aka yanko ta daga fadamar da ta tsiro maza da mata ke kuka da kukanta. Wanda ya taɓa ganin makiyayi ya yanki kara, ya rarake cikinsa, ya huda shi da ƙarfe mai zafi, zai gane hikimar misalin ba tare da dogon sharhi ba: karan ba ya yin sauti sai an raba shi da tushensa, an fitar da abin da ke cikinsa, an ƙona masa ramuka, kuma ko bayan haka numfashin da ke fita daga gare shi ba nasa ba ne, na mai busawa ne. Ranar Alastu, da wahalar tarbiyya, da fana'i, duk suna cikin wannan kara ɗaya.

Labarin da aka fi ɗauka daga Masnawi ana murɗa shi shi ne na Annabi Musa da makiyayi, a juzu'i na biyu. Makiyayin yana kiran Allah yana cewa ina kake in ɗinke maka takalmi, in taje maka kai, in wanke maka tufafi, in kawo maka madara. Annabi Musa ya tsawata masa a kan wannan magana da ba ta dace da Ubangiji ba, makiyayin ya yaga rigarsa ya nausa daji, sai wahayi ya sauko cewa an aiko ka ne ka sadar, ba ka raba ba, kuma Mu halin zuciya Muke duba, ba lafazi ba. Wannan misali ne na sha'iri, ba hadisi ba ne, kuma wasu na kafa hujja da shi cewa Rumi ya yi watsi da shari'a. Amma shi Rumin ne ya rubuta a gabatarwar juzu'i na biyar cewa shari'a kamar fitila ce mai haska hanya, tafiyar ita ce ɗariƙa, isowar kuma haƙiƙa, kuma ba a kama hanya sai da fitila a hannu. Gabatarwar juzu'i na farko ma, wadda ya yi da Larabci, ta kira littafin tushen tushen tushen addini da mai yaye ma'anonin Alƙur'ani. Ko labarin makiyayin bai ƙare a nan ba, domin da Annabi Musa ya same shi ya yi masa bushara, sai ya tarar tsawar da ya yi masa ta riga ta cilla shi wani matsayi da ya wuce inda yake.

Tun a wancan zamani ana tambayar ma'anar kalmomin nan na giya da mashaya da masoyi. A 1317 wani sufi daga Herat ya aika da tambayoyi cikin waƙa zuwa ga malaman Tabriz, Mahmud Shabistari ya amsa da Gulshani Raz, wato lambun asiri, mai baitoci kimanin dubu. A ciki ya bayyana cewa zama ɗan mashaya yana nufin kuɓuta daga kai, gashin masoyi mai duhu da yawa yana nufin yawan halittu da ke rufe hasken fuskar kaɗaitaka, ɗigon baƙi a kumatu yana nuni ga kaɗaitakar kanta, zunnar kuwa ɗamarar hidima ce. Kalmar da ake fassarawa da mashaya ita ce kharabat, wadda ake danganta ta da kango, domin a garuruwan Musulmi Majusawa da Kirista ne ke sayar da giya a gefen gari. Daga nan aka samo dattijon Majusawa, wato dattijon mashayar nan na waƙar Hafiz, wanda a harshen sha'irai ya zama shehin tarbiyya na gaskiya, mutumin da ba shi da sauran mutuncin da zai kare a idon jama'a.

Wannan mabuɗi yana buɗe Aɗɗar da Rumi da Jami, sha'irin Herat da za mu zo kansa, cikin sauƙi, amma idan aka zo kan Hafiz sai ya riƙa cijewa. Hafiz bai bar littafin karantarwa ba, gazal ya bari kimanin 500, kuma ya rayu a fada, ya ambaci sarakuna da wazirai da sunayensu. A 1353 Mubarizuddin Muhammad ya ci Shiraz, ya rufe mashayu, ya tsananta, har mutanen gari suka laƙaba masa Muhtasibi, wato mai hisba. Baitocin Hafiz masu cewa a sha a ɓoye domin muhtasibi na da kaifin ido suna da wannan tarihi a bayansu, kuma zai yi wuya a ce babu siyasar gari a cikinsu. Abokin gabarsa na har kullum shi ne riya. Ya ce masu wa'azin da ke ƙyalli a mihrabi da mumbari, idan suka keɓe wani aikin daban suke yi, kuma ya gargaɗi kansa da cewa ko me zai yi kada ya mayar da Alƙur'ani tarkon yaudara kamar yadda wasu suka yi. Sufayen zamaninsa ma bai ƙyale su ba, ya sha cewa rigarsu ta ulu ta cancanci wuta. Gwarzonsa shi ne rindi, mutumin da zahirinsa ya lalace amma zuciyarsa ba ta da algus, kuma wannan tunani yana da asali a tafarkin Malamatiyya na Naisabur tun ƙarni na 9, waɗanda ke ɓoye ibadarsu su bar mutane su zarge su don kada yabo ya ɓata musu aiki. Masu sharhi sun rabu a kansa: wasu sun mayar da kowane ƙoƙo ma'arifa, shi kuwa Sudi, malamin Bosniya na ƙarni na 16 da ya yi masa sharhi da Turkanci, ya fi tsayawa kan nahawu da ma'anar zahiri. Ni dai abin da na fi karkata a kai shi ne Hafiz da gangan ya saƙa baitocinsa yadda za su ɗauki fuska biyu ko uku a lokaci ɗaya, kuma wanda ya tilasta musu fuska ɗaya ya rage musu abin da ya sa suka yi shekara ɗari shida ba su tsufa ba.

Harshen kansa ya taimaka musu ta wata hanya da Hausa ba za ta iya ba. Farisanci ba ya bambanta namiji da mace a nahawu, wakilin suna ɗaya ne, "u", ga shi da ita. Sha'iri zai iya yin waƙa sukutum yana begen masoyi ba tare da an san ko mace ce, ko sarki, ko shehi, ko Annabi, ko Ubangiji ba. Mai fassara zuwa Hausa kuwa tun a kalmar farko sai ya zaɓa tsakanin "ya zo" da "ta zo", kuma da zarar ya zaɓa ya rufe ƙofofin da sha'irin ya bari a buɗe. Sufaye suna da ƙa'idar da ke cewa majazi gada ce zuwa haƙiƙa, wato son halitta, idan ya tsarkaka, yana koya wa zuciya yadda ake son Mahalicci. A kan wannan ne Abdurrahman Jami na Herat, ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya da ya rasu a 1492, ya gina waƙarsa ta Yusuf da Zulaikha, inda matar Aziz ta tsufa, ta makance, ta talauce, ta farfasa gunkinta, kafin ta kai ga abin da take nema. Sa'adi na Shiraz, mai Bustan na 1257 da Gulistan na 1258, ya fi karkata ga ladabi da zaman duniya, kuma maganarsa a fili take, ba ta bukatar dogon tawili.

Ba duk malamai ne suka yarda da wannan salo ba, kuma sukar tasu ba ta rasa tushe ba. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, ya soki majalisan sama'i, Ibnu Taimiyya kuma, wanda ya rasu a 1328, ya yi kakkausan raddi ga duk maganar da ke nuna shigar Allah cikin halitta ko haɗuwarsu. Inuwar Hallaj, wanda aka kashe a Bagadaza a 922 kuma aka fi saninsa da kalmar "Anal Haƙƙu", wato ni ne Gaskiya, alhali Alhaƙƙu sunan Allah ne, tana kan wannan adabi gaba ɗaya. Rumi ya kare shi da misalin ƙarfen da aka sa a wuta har ya yi ja, wanda idan ya ce ni wuta ne bai daina zama ƙarfe ba, kuma ya bambanta shi da Fir'auna, wanda ya ce "ni" yana cike da kansa. Hafiz kuwa cewa ya yi laifin Hallaj shi ne tona asiri. Ko a tsakanin sufaye an yarda cewa irin wannan magana ba ta kowa ba ce, tana bukatar malami.

Malamin ne ya ɓace lokacin da waƙoƙin suka ƙetara zuwa Turai da Amurka. Goethe na Jamus ya fitar da diwaninsa a 1819 bayan ya karanta fassarar Hafiz, Edward FitzGerald ya fitar da ruba'iyyat, wato waƙoƙi 'yan ƙwar huɗu, na sha'irin Farisa Umar Khayyam da Ingilishi a 1859 cikin sakin linzami, Reynold Nicholson kuma ya yi wa Masnawi cikakkiyar fassara da sharhi tsakanin 1925 da 1940. Amma Rumin da ya yi kasuwa a Amurka na Coleman Barks ne, wanda ba ya jin Farisanci, fassarorin wasu ya sake saƙawa, kuma a wurare da dama ayoyi da hadisai da ambaton Annabi sun zube a hanya. Daga irin wannan ne ake tsinto guntayen maganganun da ake liƙawa ƙarƙashin hoton ango da amarya, wasu ma ba a samun su a wani littafi na Rumi.

Karatun zaure a ƙasar Hausa da Larabci ya zo, ta Magrib da Misira, don haka Farisanci bai shiga manhaja ba, amma salon ba baƙo ba ne ga kunnenmu. Burda ta Busiri da ake rerawa a mauludi da tuna maƙwabtan Zi Salam da hawaye gauraye da jini ta fara, kuma babu almajirin da ke zaton wata mace ake nufi. Ƙasidar Ka'abu bin Zuhair da ya karanta a gaban Annabi da rabuwa da Su'adu ta buɗe, har ya kamanta daɗin bakinta da giya. Shehu Abdulƙadir, wanda ɗariƙarsa ta yi jijiya a Sakkwato da Kano, daga Jilan ta ƙasar Farisa ya fito kafin ya zauna a Bagadaza.

A Konya, ranar 17 ga Disamba, ranar da Rumi ya rasu a 1273, ana kiranta daren angonci, kuma har yanzu ana taruwa dominta duk da cewa gwamnatin Turkiyya ta rufe zawiyoyi a 1925 aka mayar da hubbarensa gidan tarihi. Bayan 'yan kwanaki, a daren Yalda, dare mafi tsawo a shekara, iyalai a Iran kan zauna da rumman da kankana, a ɗauko diwanin Hafiz, a karanta masa Fatiha, mutum ya ƙudurta abin da ke damunsa a zuci, sannan a buɗe littafin ba tare da zaɓen shafi ba. Babba a gidan ya karanta gazal ɗin da ta fito da ƙarfi, mai zuba giya da dattijon mashaya da duk abin da ke ciki, yara da jikoki suna saurare, sannan a miƙa littafin ga na gaba.